Kurakuran da ke ɓata kankaren ado wajen gyaran gida

Kankaren ado, wato wanda ake saka wa launi ko a buga masa zanen dutse da bulo tun yana ɗanye, ba kamar daɓen da za a rufe da tayil ba ne. Duk kuskuren da aka yi a kansa, kullum ido na kai. Yawancin ɓarnar da na gani kuwa daga ruwa take: ko ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, ko an toshe masa hanyar fita.

Tun daga kwaɓi ake fara ɓata aiki. Rana ta yi zafi, kwaɓi ya fara tauri, sai lebura ya ƙara bokiti guda don shebur ya shiga da sauƙi. Wannan ruwan yana rage ƙarfin kankare, yana kuma kashe launi. In kwaɓin farko ya sha bokiti biyu, na biyu ya sha uku, da safe za ka tarar da daɓe mai launi biyu. A auna komai da ma'auni ɗaya a kowane kwaɓi: ruwa kusan rabin nauyin siminti, hodar launi kuma kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin simintin. Kar a yayyafa ruwa a sama lokacin shafe, don saman zai yi laushi ya riƙa fitar da ƙura.

Bayan zubi kuma sai a bar shi wa rana da iska, wai ya bushe. Ba bushewa ke ba kankare ƙarfi ba, aikin da siminti ke yi da ruwa ne. Yana son danshi na aƙalla kwana 7. Sai dai a kula da leda: in aka shimfiɗa ta da lanƙwasa a kan kankare mai launi, shatin lanƙwasar zai zauna a jikinsa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne gaggawar shafa man kariya, mai sa sheƙi ɗin nan. Mai gida ya ƙosa ya ga aiki ya fito, sai a shafa bayan mako guda. Danshin da ke ciki ya taso ya rasa mafita, ya maƙale ƙarƙashin man, daɓen ya yi fari fat kamar an watsa masa madara. A jira kwana 28. Kafin a shafa, a yanko leda mai faɗin santimita 45, a liƙe gefunanta huɗu a kan daɓen da salatif, a bar ta awa 16. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, da sauran lokaci. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Wurin da ruwa ke taɓawa kuma a gauraya man da hodar hana santsi, musamman in akwai tsofaffi da yara a gidan.

Tsagewa dai ba makawa, kankare yana tsukewa in yana shan iska. Abin yi shi ne ka zaɓar masa inda zai tsage. A daɓe mai kaurin santimita 10, a yanka layi duk bayan kimanin mita 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, cikin kwana guda da zubi. Magini mai basira yakan ɓoye layin cikin zanen. A waje, a ba daɓen gangare na santimita 2 a kowace mita, ruwa ya gudu nesa da bango.

In a kan tsohon daɓe za a yi sabon shafi, ɗiga masa ruwa tukuna. In ya sha, madalla. In ruwan ya tsaya dunƙule, akwai mai ko fenti ko tsohon man kariya, sai an goge da garanda, in ba haka ba sabon shafin zai ɓamɓare. Tsohuwar tsaga ma a gyara ta tun yanzu, don in aka rufe ta haka nan, a daidai wurin za ta sake bayyana a sama.