Yadda na shawo kan duhun da ya fito min a fuska

Tun ina da ciki wani duhu ya shimfiɗu min a kumatu da goshi, hagu da dama iri ɗaya, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Na haihu, ya ƙi tafiya. Likitar fata ta ce melasma ce: canjin sinadaran jiki na juna biyu ko na ƙwayar tazarar haihuwa ke tayar da ita, rana da zafi su ƙara mata ƙarfi.

Ta hana ni ko kusantar man bilicin. Da yawansu na ɗauke da wani sinadarin magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, fuska ta yi haske na ɗan lokaci, sai fata ta yi siriri, tabon ya dawo fiye da da. Ina ganin haka a fuskokin 'yan uwa mata a gidajen biki, abin yana damuna ƙwarai.

Abin da ya fi yi min aiki shi ne man kare rana mai SPF 50 (ma'aunin ƙarfin kariyarsa ke nan), irin mai launin fata, domin shi ke tare har hasken da ido ke gani, wanda ke ƙara duhu a baƙar fata. Kullum da safe nake shafawa, ko ina cikin gida, in ƙara duk bayan awa 2 idan na fita. Da dare sai man maganin tabo mai sinadarin azelaik kashi 20 cikin ɗari, wanda likitar ta zaɓa saboda ina shayarwa. Na kuma rage tsayuwa dab da murhu.

Sai da aka yi watanni kafin ya dusashe. Da zafin Afrilu yakan so dawowa, don haka man kare ranar ban daina ba.