Marubuta, mu dinga sanin wace talla ce ke kawo masu saye

Salam 'yan uwa marubuta. Wallahi abin na damuna, muna zuba talla ko'ina, Facebook, status, TikTok, har mu biya masu manyan shafuka, amma in ka tambayi mutum wacce ta kawo masa ciniki sai ya ce ai duka ne. Ba duka ba ne fa.

Kowace kafa ka yi mata link ɗinta daban, Bitly, shafin da ke gajarta link, zai nuna maka sau nawa aka danna kowanne. Sai dai dannawa ba saye ba ne, akwai post ɗin da zai tara like da yabo har ka ji daɗi amma ko kwafi ɗaya bai sayar ba, shi ya sa na fi son lambar rangwame, wato code ɗin da mai saye zai bayar a rage masa kuɗi, 'yan TikTok tasu daban 'yan Facebook tasu daban, duk wanda ya biya ka san daga inda ya fito. Masu littafi a Amazon kuma akwai Amazon Attribution, yana nuna cinikin da kowane link ya kawo.

Kar ka saki talla uku rana ɗaya, za su cakuɗe. Ɗaya bayan ɗaya, ka ba ta ko sati guda don wasu sai sun kwana biyu suke saye. Ka rubuta abin da ka kashe da kwafin da suka fita, ka raba, in kuɗin tallar kowane kwafi ya wuce ribarsa to dakatar da ita.

Wanda ya saya ta DM kuwa tambaye shi kawai, a ina ka ga littafin?