Yadda zaka kafa gasar golf daga tushe: dubi yadda aka yi ta farko a Prestwick a 1860

In kana kallon The Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, a talabijin yanzu, 'yan wasa 156, kwana huɗu ana bugawa, ramuka 72, ga 'yan kallo kamar ƙasa, sai ka ɗauka haka aka fara ta. To ba haka bane. Ranar 17 ga Oktoba 1860 da aka buga ta farko a Prestwick, wani ɗan gari a gaɓar teku a yammacin Scotland, mutum takwas ne kacal suka shiga, a wuni ɗaya aka fara aka gama, kuma wanda ya ci ko sisi ba a bashi ba. Saboda haka in kana cikin kwamitin wani kulob, a Kano ne ko Kaduna ko Jos, kuna son fara gasar shekara-shekara amma kullum ana cewa sai an samu kamfanin da zai ɗau nauyi, ga yadda waɗancan mutanen suka yi tasu, da inda ya kamata ka bi sahunsu da inda zaka kauce.

Farko dai ka samo dalilin da zai sa mutane su damu da wanda zai ci. Su a lokacin akwai wani Allan Robertson na St Andrews da kowa ya yarda babu kamarsa, sai ya rasu a 1859, aka shiga musu kan waye gwani yanzu, wasu suce Tom Morris wasu suce Willie Park na Musselburgh, wanda dama ya saba fitowa a jarida yana cewa duk mai ji da kansa yazo su kara akan kuɗi. Gasar ta zo ne ta raba wannan gardamar. Kaima ka duba wace gardama ce ke yawo a kulob ɗinku, waye yafi tsakanin masu koyarwa, ko tsakanin yaran dake ɗaukar jakar sanduna waɗanda sau tari sun fi iyayen gidan nasu iya bugu nesa ba kusa ba, sai ka ɗora gasar a kai.

Sannan a damƙa aikin a hannun mutum ɗaya. A Prestwick wani ɗan kulob ne, James Ogilvie Fairlie, ya zauna ya rubuta wa kulob-kulob wasiƙa irinsu St Andrews da Musselburgh da Perth har da Blackheath ta Ingila, yace kowa ya turo gwanayensa, kar su wuce uku. Takwas suka zo, shikenan aka buga da su. Kar ka ɗaga rana don mutane basu cika ba.

Maganar fili kuwa, kayi da abin da kake dashi. Filin Prestwick ramuka 12 gareshi, Tom Morris ne ya tsara shi a 1851 kuma shi ke kula dashi, to sai suka ce a zagaya sau uku, 36 kenan. In naku tara ne a zagaya sau biyu ko huɗu. Abin da zaka lissafa da kyau shine lokaci. Su da tsakar rana suka fara, ga Oktoba a Scotland rana bata daɗewa, amma da yake mutum takwas ne bibbiyu suna tafiya da sauri sun gama kafin duhu. Kai naka lissafin na zafin rana ne, a fara da sanyin safiya, a bar tazarar kamar minti goma tsakanin rukuni da rukuni, in ba haka ba zasu taru a rami ɗaya suna jiran juna rai ya ɓaci.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, wato ƙirga maki, don nan ne gasa ke samun mutunci ko ta zube. A zamanin an fi sabawa da karawar mutum da mutum, rami-rami, wanda ya ci ramuka mafi yawa shine yayi nasara. Su kuma sai suka zaɓi a ƙirga duk bugun da mutum yayi tun daga farko har ƙarshe, mai mafi ƙarancin bugu shi ya ci, kuma wannan shi yasa aka iya gamawa a wuni ɗaya da mutum takwas. Park yayi 55, 59, 60 jimla 174. Morris a filin gidansa yayi 58, 59, 59 jimla 176. Kaga bugu biyu ne tsakani bayan ramuka 36, to da ace mutum ɗaya ya manta bugu biyu da yayi a cikin yashi, ko ya yi kamar ya manta, ai magana ta canza. Shi yasa suka haɗa kowane rukuni da ɗan kulob mai bin su yana rubutawa. Kaima haka zakayi, ko dai mai rubutu na daban ko 'yan wasa suyi musayar kati kowa ya rubuta na ɗan uwansa, a ƙarshe su biyun su sa hannu kafin a miƙa wa kwamiti. Kuma tun kafin a buga ƙwallon farko a rubuta abin da za ayi in anyi kunnen doki. A 1876 a St Andrews, Bob Martin da Davie Strath sun yi kunnen doki ga kuma ƙorafi akan Strath da kwamiti bai yanke ba, Strath yace shi bazai sake bugawa ba sai an yanke, haka Martin ya zagaya filin shi kaɗai aka bashi kambu.

Kyauta ba dole sai kuɗi ba. Abin da Park ya samu bel ne na jar fata mai ado da azurfa, 'yan kulob suka saye shi fam 25. Irin fatar nan ce da Turawa ke ce wa ta Maroko, wadda da yawanta asali fatar jar akuyar Sakkwato ce da ake jemewa a ƙasar Hausa a ƙetara Sahara da ita. Kuɗi sai a 1863 aka fara sakawa, kuma a 1864 fam 6 aka ba zakara. Akwai dabara ɗaya tasu da ya kamata ka kwafa, wanda ya ci baya tafiya da bel gida sai ya kawo tabbacin da kwamiti ya gamsu dashi cewa zai dawo dashi baɗi. Kofuna nawa suka ɓata a falon mutane saboda rashin wannan.

Amma akwai dokarsu ɗaya da gaskiya ban baka shawarar ka ɗauka ba, cewa duk wanda ya ci sau uku a jere bel ya zama nashi. Ɗan Tom Morris, wanda shima Tom ne sunansa, ya ci a 1868 da 1869 da 1870 yana saurayi, ya tafi da abinsa, aka wayi gari babu abin da za a yi takara a kai, 1871 gaba ɗaya ba a buga gasar ba. Sai da Prestwick ta haɗa kai da kulob ɗin St Andrews da na Edinburgh suka yi karo-karo aka ƙera kofin azurfar nan mai kama da buta wanda kwafinsa ake bayarwa har yau, suka kuma yarda a riƙa zagayawa da gasar tsakaninsu. Kai ka rubuta tun yau cewa kofi na kulob ne har abada, zakara a zana sunansa a jiki a bashi ƙarami ya ajiye.

Bayan an gama kuma, kafin kowa ya watse, kwamiti ya zauna a gyara abin da aka gani. Ta 1860 ƙwararru kawai aka gayyata, da shekara ta zagayo sai suka buɗe wa kowa har masu bugawa don sha'awa, daga nan ta zama ta kowa da gaske. Gasar Masters ta Amurka ma da aka fara a Augusta a watan Maris 1934, wadda Horton Smith ya ci da bugu 284, shekara ɗaya tak suka juya tsarin filin, ramuka taran farko suka koma na ƙarshe. A wannan zaman ne zaku sa ranar ta baɗi, a sanar da ita nan take a gaban 'yan wasa, a kuma ba sakatare duk katunan maki ya adana tare da sunayen waɗanda suka shiga.