Gida naka, fili na wani: kurakuran masu sayen gidan tirela a Amurka

Na gaji da amsa wayar 'yan uwa sababbin zuwa Amurka waɗanda sai sun biya kuɗin gidan tirela, wato gidan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi a girke a fili, sannan su nemi shawara, domin kusan dukkansu rami ɗaya suke faɗawa, wanda ni ma na faɗa lokacin da na sayi nawa a jihar Ohayo.

Babban kuskure shi ne zaton cewa wanda ya sayi irin wannan gida ya rabu da haya. Gidan kaɗai ka mallaka, filin da yake kai na wanda ya mallaki unguwar tirelolin ne, kuma duk wata za ka biya shi hayar fili, wadda yake iya ƙarawa da zarar wa'adin yarjejeniya ya cika. Ni na tare ban tambayi yadda hayar take hawa ba. Shekara ba ta zagayo ba wani kamfanin masu zuba jari ya saye unguwar, ya ƙara haya, ya kuma ware kuɗin ruwa da na kwashe shara ya mai da su lissafi dabam. Cikin fushi na ce zan ja gidana in bar musu filinsu, sai na tarar aikin yana buƙatar kamfani mai lasisi da izinin bin hanya da dubban daloli, gida mai faɗi biyu (ɓangare biyu da aka haɗa) kuma sai an raba shi biyu kafin ya motsa, sannan unguwanni da yawa ba sa karɓar tsohon gida. Mai fili ya san ba za ka tashi ba, shi ya sa ba ya jin nauyin ƙarin. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da nake yi yanzu, in zan raka wani, shi ne mu je da yamma bayan manaja ya tashi, mu ƙwanƙwasa wa tsofaffin mazauna uku, mu tambayi nawa suke biya shekara biyar da suka wuce. Ba na yarda da hayar wata-wata, sai rubutacciyar yarjejeniya ta aƙalla shekara guda. Idan an samu unguwar da mazaunanta suka haɗu suka saye filin, tsarin da ya samu gindin zama a jihar New Hamsha tun 1984, ita nake fifitawa ko da ta fi nisa da wurin aiki.

Kuskure na biyu yana ƙona mini rai, domin sakaci ne tsantsa. Yaya mutum mai hankali zai miƙa guminsa ga wanda ya gani a Facebook ba tare da takardar mallaka ba? A jihohi da yawa ana yi wa gidan nan takarda ne kamar mota, kuma bashin banki ko harajin da ba a biya ba yana iya hana a sauya suna. Wani ɗan uwa ya biya lakadan, daga baya ofishin unguwa ya ƙi karɓarsa a matsayin ɗan haya, ya zama yana da gidan da ba shi da izinin kwana a ciki. Ka fara samun amincewar ofis a rubuce, ka tabbatar mai sayarwa ba a bin sa hayar fili, sannan kuɗi su fita daga hannunka.

Sauran ƙanana ne. Ka nemi jan tambarin HUD, ma'aikatar gidaje ta Amurka, a jikin gidan, domin wanda aka ƙera kafin 15 ga Yuni 1976 ba shi da shi, kuma samun inshora ko rance a kansa da wuya. Ka taka daɓen banɗaki da ƙarfi, idan ya lotsa ruwa ya ci katakon. Ka naɗe bututun ƙarƙashin gida da wayar ɗumamawa kafin hunturu. Dokokin unguwa kan baƙi su ma ka karanta su, mu da baƙonmu yake yin wata uku. Kuma tun ranar tarewa ka san ginin da za ku fake idan an yi gargaɗin guguwar tonado, domin hukumar yanayi ta ƙasar tana cewa a fice daga gidan tirela ko da an ɗaure shi da ƙasa.