Darasi na 9: Yadda ake haɗa waya da waifai a yi kira

Wannan darasin na masu babbar waya ne, wadda ake shafa fuskarta da yatsa, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung duk tafiyar ɗaya ce. Mai ƙaramar waya ma kar ya tashi, ya zauna ya ji, don ko ba shi da ita yau akwai ta a hannun ɗansa ko matarsa. Abin da muke so shi ne kowa ya iya haɗa wayarsa da waifai da hannunsa, ya kira ɗan'uwansa da ke Maraɗi ko Damagaram ko Legas, ba sai ya je shagon caji ya miƙa wa yaro wayar ya ce "don Allah saita min" ba, don wanda ya saita maka shi ya san sirrinka, kai kuma ka dawo gida ba ka ƙaru da komai ba.

Da farko a gane waifai ba shi ne intanet ba. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya. Waifai hanya ce kawai ta iska tsakanin wayarka da wani ɗan akwati da ake kira rauta, ko ƙaramin nan na aljihu da ake ce wa mayfay, kuma ba ya nisa, cikin gida ne ko shago. Shi akwatin ne yake jawo intanet daga waje, galibi a nan Katsina da layin waya ake sa masa, MTN ko Airtel ko Glo, a saya masa data kamar yadda ake saya wa waya, wasu ofisoshi kuma kebul aka ja musu, wasu masu hali sun kafa farantin Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023. Kamar tanki ne da tiyo, waifai shi ne tiyon, in tankin babu ruwa ko ka buɗe famfo har ƙarshe iska kawai za ka ji. Shi ya sa za ka ga alamar waifai ta cika fal a waya amma kira ya ƙi shiga, toh ba wayar ce ta lalace ba, datar akwatin ce ta ƙare ko sabis ɗin layin da ke ciki ya ɗauke.

Kuma kar wani ya ce maka kyauta ne. Akwai wanda ya biya kuɗin datar, ko kai ko mai gidan ko mai shagon. Sauƙinsa dai shi ne kiran murya ta intanet ba ya cin data sosai, minti guda bai cika kai MB ɗaya ba, kuma ko Nijar ka kira ko Ingila kuɗin ɗaya ne, alhali da kati kiran ƙasar waje yanzu-yanzu zai lashe maka abin da ka loda.

Yanzu kowa ya ɗauko wayarsa. Ka sa yatsa a can saman fuskar wayar ka jawo ƙasa, za ka ga alamomi sun jeru, ka nemi wadda take da lanƙwasassun layuka uku ko huɗu da ɗigo a ƙasansu, a ƙarƙashinta an rubuta Wi-Fi. Ka danna ka riƙe kaɗan, kar ka saki da wuri, zai kai ka wani shafi inda sunaye za su fito a jere. Waɗannan sunayen akwatunan da ke kusa da kai ne, naka da na maƙwabta, in a kasuwa kake ko kusa da makaranta irin Hassan Usman Katsina Polytechnic sai ka ga sun fi goma. Wanda ke da hoton kwaɗo a gefe yana nufin sai da lambar sirri, fasawod kenan.

Ina za ka samu sunan naka da lambar? Ka juya akwatin, a ƙasa ko a baya akwai 'yar takarda da aka liƙa da ƙananan rubutu, in mayfay ne wani lokaci sai ka cire murfin baya har da batir sannan ka ganta. Inda aka rubuta SSID shi ne sunan, inda aka rubuta Password ko Key ita ce lambar sirrin, kuma ba ta gaza haruffa 8. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, dattawa ku sa tabarau ko ku fito haske, ko ku ɗauki hoton takardar da waya ku buɗa shi da yatsu biyu ya yi girma.

A nan ne karatun da muka yi na manyan baƙaƙe da ƙanana zai yi muku rana, don waya ba ta yafiya a wannan wajen, A babba daban take da a ƙarama, in ka sa ɗaya a madadin ɗaya za ta ce maka ba daidai ba ne kuma ba za ta nuna maka inda ka kuskure ba. Waɗanda suka fi rikita mutane su ne sifili da O babba, sifili ya fi tsawo da sirantaka, wani lokaci ma da ɗan layi a cikinsa, O kuwa zagayayye ne. Sai lamba 1 da l ƙarama da I babba, su ukun kamar an tsaga kara, sai an kula. Sai 8 da B, sai 5 da S. Wani dattijo mai sayar da hula a ajin yamma ya fi sau biyar yana gwadawa yana cewa akwatin ne na jabu, da aka duba sai aka ga b yake sawa a wurin d, cikin ɗaya yana kallon dama na ɗayan yana kallon hagu. Dabarar ita ce ka fara kwafe lambar a littafinka harafi bayan harafi, sannan ka shigar a waya kana kallon littafin. Don yin babban baƙi ka taɓa kibiyar nan mai kallon sama da ke gefen hagu na allon rubutu, don lambobi ka taɓa inda aka sa 123. A gefen wurin da kake rubutawa akwai hoton ido, ka taɓa shi, ɗigo-ɗigon nan za su koma haruffa ka ga abin da ka rubuta. In ya yi daidai ka danna Connect. Da ka ga an rubuta Connected a ƙarƙashin sunan, alamar ta fito a saman waya kusa da ta batir, shikenan an haɗu, kuma sau ɗaya ake wannan wahalar, gobe da ka shigo gidan wayar za ta kama da kanta.

Wanda ba shi da akwati zai iya roƙon wani ya kunna masa hospot daga wayarsa, wato wayar wancan ta zama ita ce akwatin, yadda ake shiga ɗaya ne. Sai dai a ji tsoron Allah, datar mutum ce kake sha, ka yi kiranka ka sauka.

Sai kiran kansa. Hanya biyu ce kuma sun bambanta sosai.

Ta farko ita ce ta manhaja, wadda kowa ya sani, WhatsApp, akwai kuma Messenger da Telegram da imo. WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, na bidiyo a 2016. Sharaɗinta shi ne ku biyun kuna da manhaja iri ɗaya kuma ku biyun kuna kan intanet a lokacin, in Yaya tana ƙauye ta kashe data ko kira ɗari ka yi ba zai shiga ba. Ka buɗe WhatsApp, ka taɓa sunan mutumin, a sama ta dama akwai hoton kan tarho da hoton kyamara, tarho murya ce kawai, kyamara kuwa har da fuska, mata a kula da wannan kar a taɓa kyamara ba a shirya ba. Karon farko wayar za ta tambaye ka ko ka yarda manhajar ta yi amfani da makirfo, ka danna Allow, in ka hana kiran ba zai yiwu ba. In ka ga Calling a rubuce to kiran bai kai wayarsa ba tukuna, in ya koma Ringing to tana ƙara a can.

Ajiye lamba ma da ƙa'ida musamman mu da ke bakin iyaka. Lambar Najeriya tana farawa da +234 sai a jefar da sifilin farko, wato mai farawa da 0803 za ta koma +234803 sai sauran. Ta Nijar +227 ce, ta Saudiyya +966. Alamar tarawar nan in ka danna sifili ka riƙe za ta fito. In ka ajiye lambar ɗan'uwanka na Maraɗi babu +227 ba za ka gan shi a WhatsApp ba sam, ka yi ta zargin ya toshe ka. A sani kuma wasu ƙasashe suna hana irin wannan kira, Dubai misali kiran WhatsApp ba ya tafiya a can, saƙo dai yana zuwa.

Don ka tabbatar da waifai kake kira ba da datar layinka ba, ka kashe datar wayar tukuna, alamar kibiyoyi biyu ce ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ragowar data ana dubawa da *323#, ragowar kati *310#, sayen data *312#, tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta mayar da lambobin iri ɗaya a duk layuka, ku rubuta su a bangon littafi.

Hanya ta biyu ba kowa ya santa ba. A cikin saitin wasu wayoyi akwai abin da aka rubuta Wi-Fi Calling, ka shiga Settings ka rubuta shi a wurin bincike na sama, in wayarka tana da shi zai fito ka kunna. Shi wannan kira ne na layi sak, lambarka ce za ta fito, wanda ka kira ba ya bukatar intanet ko ƙaramar waya ce da shi, bambancin kawai muryarka ta waifai za ta bi ta isa kamfanin maimakon ta bi ta dogon ƙarfen sabis. Amfaninsa a gidajen cikin gari ne irin na wajen Ƙofar Soro da Gobarau masu kaurin katanga, inda sai ka fito zaure ko ka tsaya tsakar gida kafin ka samu sanda ɗaya. Amma kuɗin daga katinka za a cire kamar kullum, kuma sai kamfanin layinka da samfurin wayarka duk sun yarda da shi, in ka nema ba ka gani ba kar ka wahalar da kanka, ka yi ta farkon.

In murya tana yankewa ko tana zuwa a makare, kafin ka zagi kowa ka duba inda akwatin yake. Mutane suna son ɓoye shi a cikin durowa ko bayan talabijin ko ƙarƙashin gado saboda yara, ai nan ka kashe shi. A ɗora shi sama, a fili, kusa da taga in da layi yake aiki, nesa da firij da ƙofar ƙarfe. Katanga biyu uku tsakaninka da shi sun isa su raunana shi. Wasu akwatunan suna fito da suna biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5 a ƙarshe, mai 5 ya fi sauri in kana ɗaki ɗaya da shi, mai 2.4 ya fi ratsa bango, to in kana ɗakin ƙurya shi za ka zaɓa. Sannan ka leƙa ko yara suna kallon bidiyo a kai, su huɗu a TikTok kai kana son ka gaisa da Kawu, dole ta yanke. In bidiyo kake yi ka mayar da shi murya, nan take za ka ji ta washe. In duk ya ƙi, ka zare akwatin daga wuta, ka ƙirga talatin, ka mayar. Kuma rauta da wuta yake aiki, ana ɗaukewa ya mutu, sai mai batir ko wanda aka haɗa da sola ko fawa bank.

Abu ɗaya da ba na son ku yi wasa da shi. Lokacin da ake buɗe WhatsApp ana turo lambobi 6 ta saƙon tes. Wannan lambar ba a ba kowa ita, ko wa ye. Za a kira ka da murya mai daɗi a ce daga ƙungiyarku ne, za a yi taro ta intanet ko ana rabon tallafi, an turo maka wata lamba ka karanto. Kana karantowa sun ɗauke WhatsApp ɗinka, sai su bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka suna cewa kana asibiti a turo kuɗi. Ka kashe kiran kawai. Ka shiga Settings na WhatsApp, Account, Two-step verification, ka sa wata lamba taka da kai kaɗai ka sani, ba shekarar haihuwa ba. Waifai na tasha ko otal da ba shi da kwaɗo kuma a gaisa da shi ba laifi, amma kar a buɗe manhajar banki a kai. Na gida kuma in ka ga data tana ƙarewa ba dalili to lambar ta zaga unguwa, a canza ta. Sannan WhatsApp ba ya kiran lambar gaggawa ta 112, wannan sai ta layi, don haka kar a bar waya babu layi a ciki wai don akwai waifai.

Karatu. Ku karanta wannan bibbiyu, ɗaya uwa ɗaya 'ya:

"Salamu alaikum, Inna kina jina?"
"Wa alaikumus salam, ina jinki amma muryar tana yankewa."
"To Inna ki matsa kusa da akwatin, ki fito daga ɗaka."
"Na fito. Yauwa, yanzu ta fita tas. Ya yaran?"
"Lafiya lau, suna gaishe ki."

Aikin gida: kowa ya kwafo sunan waifai ɗaya da ya gani a wayarsa, ya ja layi a ƙarƙashin manyan baƙaƙen da ke ciki, ya zagaye lambobin. Sannan ya rubuta lambar wayarsa sau biyu, ɗaya da sifili a farko ɗaya da +234. Lambar sirri kuwa kar a kawo ta aji, ko ni Malam ban nema ba.