Darasi na 14: Yadda Ake Faɗin Gindin Abu da Turanci

Bahaushe yana cewa gindin tukunya, gindin bishiya, gindin dutse, duk da kalma ɗaya. Bature kuwa kusan kowane abu da sunan da ya ba gindinsa, don haka wanda ya riƙe kalma ɗaya yana liƙa wa komai zai yi ta tuntuɓe. Malami ya zo aji da bokiti, kofi, takalmi ƙafa ɗaya, kwalbar maganin yara da fom na banki. Minti 40 sun isa.

A fara da bottom, haruffa 6, da t biyu a tsakiya. Ita ce uwar sauran. Duk abin da yake da ciki, kamar bokiti, rijiya, buhu ko jaka, can ƙasansa bottom ne, haka ma ƙarshen shafin takarda. Idan ma'aikaci ya miƙo fom ya ce *Sign at the bottom of the page*, yana nufin a sa hannu a ƙasan shafin, ba a bayansa ba.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne tsakanin *at the bottom of* da *under*, domin a Hausa "ƙasan bokiti" yana iya ɗaukar ma'ana biyu. Malami ya jefa kofi cikin bokiti ya ce *The cup is at the bottom of the bucket*. Sai ya fitar da shi, ya ɗora bokitin a kan kofin, ya ce *The cup is under the bucket*. Na farko yana ciki, na biyu yana waje, a ƙarƙashi. A maimaita sau 5, ɗalibai na faɗa da kansu, kafin a taɓa alli. Nan ne ya kamata a kashe rabin lokacin darasin. A kuma lura, wanda ya zauna a gindin bishiya yana shan inuwa, *under the tree* yake.

Abu biyu game da furuci da ma'ana. Bottom tana ƙarewa da m, sai leɓɓa sun haɗu. Idan aka ƙare da n za a ji kamar *button*, wato maɓallin riga. Sannan kalmar tana nufin mazaunai, kamar dai yadda gindi yake a Hausa. Gara malami ya faɗa tun da wuri, a yi dariyar a wuce.

Base ita ce ɓangaren da abu yake tsaye a kansa, kamar faifan da ke riƙe fanka mai tsayuwa. Foot, wadda asalinta ƙafa ce, ana ba dogayen abubuwa: dutse, tsani, matakala. Gindin Dutsen Dala a Kano shi ne *the foot of Dala Hill*. A wajen furta f, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Idan leɓɓa biyu suka haɗu, za ta koma *put*, wato ajiye. Saiwar da ke cikin ƙasa kuma root ce.

A gini, harsashi shi ne foundation, daɓen ɗaki floor. Ga wata tangarɗa da ke sa mutane hawa bene a banza: a Najeriya, Gana da Ingila, hawan ƙasa shi ne *ground floor*, kuma *first floor* sai an hau matakala. A Amurka galibi hawan ƙasan ne ake kira *first floor*. A cikin lif, G na nufin hawan ƙasa, B kuma basement, ɗakin da aka haƙa ƙarƙashin ƙasa.

Sauran a bi su da nuni kawai. A juya takalmi: ƙasansa sole, haka ma tafin ƙafa, dunduniya kuma heel. Kalmasar da tela yake yi a bakin riga hem ce. Ƙasan kogi, inda ake ɗiban yashi da rani, *river bed* ne, ba ruwansa da gadon kwana. A ɗaga kwalbar magani a nuna garin da ya kwanta, wato sediment. Saboda shi ake rubuta *Shake well before use*. Idan ba a girgiza ba, cokulan farko za su zama ruwa-ruwa, na ƙarshe su yi ƙarfi fiye da kima.

Aiki. A kwafe a littafi, a cike gurbi da bottom, foot, sole, under ko foundation:

1. There is sand at the ______ of the well.
2. The ______ of my shoe has a hole.
3. The goat is ______ the lorry.
4. We met at the ______ of the hill.
5. The mason dug the ______ of the house.

Kowane ɗalibi ya zo gobe da kayan gida guda 3, ya nuna gindin kowanne ya faɗi sunansa da Turanci.