Babi na Shida: Ƙara Makunni a Injin Lantarki na Kwale-kwale

Wannan babi na masuntanmu ne na bakin kogin Bahar Azrak a ƙasar Sudan, daga Maiwurno zuwa Sinja har tafkin Rusairis, waɗanda suka ɗaura wa kwale-kwalensu ƙaramin injin da ke aiki da batir mai bolt 12. Injin ba ya ƙara, saboda haka ba ya korar karfasa, kuma ya dace da kwantaccen ruwan da ke bayan madatsar Sinnar, wadda ta tare kogin tun 1925, ko da yake ba zai iya da ƙarfin ruwan watan Agusta ba. Damuwar da kuka kawo mini ita ce injin yana baya, ku kuna gaba kuna jan koma, kafin ku taka zuwa wajensa ku kashe shi farfela ta riga ta naɗe komar. Za mu sanya makunni a daidai inda kuke tsayawa. Wanda karatu ke ba shi wuya kada ya damu, ya bi da yatsa a hankali, domin lambobi kaɗan ne za mu karanta.

Darasi na ɗaya: kafin a taɓa komai

Ku dubi saman batir. Akwai kawuna biyu, kuma kusa da kowanne akwai alama. Wanda ke da alamar ƙari, wato sanda biyu da suka gitta juna (+), shi ne wurin jar waya. Wanda ke da sanda ɗaya a kwance (−) shi ne wurin baƙar waya. Ku ɗora yatsa a kan alamar ku faɗi sunanta da baki, domin wayar da ta tsufa takan koɗe a rana har ja da baƙi su yi kama, amma alamar jikin batir ba ta sauyawa.

Yanzu ku cire zobe da agogon ƙarfe, ku kashe sigari, domin batir yakan fitar da iska mai kama wuta. Ku mayar da hannun injin kan sifiri. Sannan ku ɗauki sufana ku kwance baƙar waya daga batir. Baƙar waya ake fara cirewa, kuma ita ake mayarwa daga ƙarshe. Idan kun cire ta, ku lanƙwasa ta gefe ku ɗaure bakinta da leda, saboda waya mai kauri takan koma inda ta saba zama da kanta, ta taɓa kan batir ba ku sani ba. Dalilin fara cire ta shi ne muddin baƙar waya ba ta jikin batir, wuta ba ta da hanyar komawa, don haka ko jar waya ta taɓa ƙarfen jirgi ko jikin injin babu abin da zai faru. Abu ɗaya ya rage: kada sufana ta kwanta a kan kawunan biyu lokaci guda, shi ya sa nake roƙon ku naɗe mariƙinta da tef.

Ku sake duba batir. Baƙar waya tana jiki? Idan tana jiki, ba ku fara ba tukuna. Babu kunya a nan, kusan kowa yakan manta a karon farko, kuma da yardar Allah a karo na uku hannu zai riƙa yi da kansa.

Darasi na biyu: kayan aiki

Ƙaramin makunni irin na fitilar mota ba zai ɗauki wutar injin ba. Ƙarfin wutar da ke bi ta waya ana auna shi da amfiya, kuma a jikin kaya za ku ga lamba da harafin A a gabanta ko bayanta. Ƙaramin inji yana jan wajen 30A idan an ba shi wuta duka, wanda ya fi shi girma yana kai 50A, alhali ƙaramin makunni da yawa 10A ko 20A ne aka rubuta musu. Idan kuka bi da wutar injin ta cikinsa zai yi zafi ya narke, wani lokaci ma ya manne a kunne, farfela ta yi ta juyawa ba ta tsayawa.

Saboda haka ake sayen rile, wanda masu gyaran wutar mota suke kira katawut. Shi makunni ne babba wanda ƙaramin makunni yake umarta daga nesa. Ku nemi wanda lambarsa ta ɗara abin da injinku ke ja, kamar 80A, kuma ku gaya wa mai shago cewa na aiki mai tsawo kuke so, domin irin na tayar da mota daƙiƙu kaɗan aka yi shi ya yi aiki. Sai na'urar yanke wuta mai 50A ko 60A gwargwadon injin, wadda ke yanke wuta da kanta idan ta yi yawa, da fis mai 5A da ke yin haka ga siririyar waya, da wayar tagulla mai kaurin milimita 10 zuwa 16 a lissafin masu shago, da siririyar waya ta makunni. Kuna iya auna tsawon wayar a jirgi, amma kafin ku kusanci batir ku tabbata baƙar waya a cire take.

Darasi na uku: haɗawa

Ku juya katawut, za ku ga lambobi huɗu: 30, 87, 85 da 86. Kafin mu ci gaba, ku duba baƙar waya. Na faɗa sau uku ke nan, kuma zan sake faɗa, domin a ajin da ya wuce wani dattijo da ya yi shekaru yana su ya ce mini ya cire, bai cire ba, sufana ta yi tartsatsi ta ƙona masa tafin hannu, ya yi mako biyu bai taɓa koma ba. Ba na son jin "ai minti ɗaya ne". Wanda bai cire ba ya ajiye sufana ya tashi daga wajen.

Jar waya mai kauri ta tashi daga alamar ƙari zuwa na'urar yanke wuta, kuma tazararsu kada ta kai taƙi ɗaya. Daga nan ta tafi lamba 30. Daga lamba 87 wata mai kauri ta tafi jar wayar injin. Siririyar waya ta tashi daga bayan na'urar yanke wuta, ta bi ta fis, ta je makunninku na gaba, ta dawo lamba 86. Daga lamba 85 wata siririya za ta tafi alamar sanda ɗaya, amma sai lokacin mayar da baƙar waya za ku haɗa ta da batir. Baƙar wayar injin ba a yanka ta, wurinta na nan a batir, amma har yanzu kada ku mayar da ita. Kada ku murɗe waya da hannu ku rufe da tef kamar yadda na ga wasunku suna yi duk da an hana. A matse ta da kan tagulla a ɗaure da noti, domin haɗin da ya yi sako-sako zafi yake yi.

Darasi na huɗu: gwaji

Ku ɗaga farfela daga ruwa, ku kori yara daga bayanta. Hannun injin yana sifiri, makunni a kashe. Yanzu ne kawai za ku mayar da baƙar waya. Ku kunna makunni, za ku ji katawut ya yi ƙas, sannan ku murɗa hannun injin kaɗan. Idan farfela ta juya da baya, kun sauya wayoyin injin, kuma injin da ke da na'urar daidaita gudu ta lantarki yana iya lalacewa da hakan, don haka ku kashe, ku cire baƙar waya, ku gyara.

Darasi na biyar: kulawa

Ku shafa basilin a kawunan batir, ku ɗaura katawut a sama inda ruwa ba ya taruwa. Bayan tafiyar minti goma ku taɓa wayoyin. Wadda ta yi zafi a sake matse ta. Idan kun dawo gaɓa, ku cire baƙar waya kafin ku ɗauki batir zuwa caji.